Batir sabo amma mota ba ta tashi da safe: altaneta ce ko batirin ne?

Baban_Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen masu sani. Corolla 2006 nake hawa, batirin da ke ciki mai amfiya 62 ne, bai cika shekara da saye ba. Kwanan nan idan ta kwana, da safe in na murza makulli sai in ji ƙas-ƙas-ƙas, ba za ta tashi ba sai an jona mata da wata motar. In ta tashi kuwa shi ke nan, yini zubur zan kashe in tayar lafiya lau. Wani abin da na lura da shi, da dare idan tana silo, jar fitilar batir ta dashbod tana ɗan haske dishi-dishi, ba ta kama sosai ba, sai ka ƙura ido za ka gani. Makanikina ya cire kan batir inji na aiki, motar ba ta mutu ba, ya ce altaneta lafiyarta ƙalau, batirin ne ba shi da kyau. Mai batir ya sa shi a caji ya gwada, ya ce batirinsa ba ruwansa, in je a duba altaneta. To maganar wa zan kama? Ba na so in zuba kuɗi a kan abin da bai lalace ba, kun san yadda kayan mota suka koma yanzu.

DanGolf3:
Wa alaikumus salam. In dai an cire kan batir ba ta mutu ba ai magana ta ƙare, altaneta na caji. Haka muke gwadawa tun muna yaran mota. Mayar masa da batirinsa kawai, Alhaji.

Oga_Riwaya:
Wa alaikumus salam. Alhaji, kafin mu je ko'ina, don Allah kada ka sake bari a cire maka kan batir inji na aiki. Na san haka aka saba a gareji da yawa, amma gwajin zamanin kabureta ne. Aikin batir ba ajiye wuta kaɗai ba ne, shi ke shanye hawa da saukar wutar da altaneta ke turowa. In ka zare shi altaneta na tsakiyar aiki, wutar na iya yin tsalle ta wuce abin da kayan mota za su ɗauka. Cikin ƙiftawar ido ne, amma ya isa ya ƙona birenbos, wato kwamfutar mota, ko rediyo, ko katawut ɗin ita kanta altanetar mai daidaita yawan caji. Corolla 2006 kuwa daga nozul har filogi birenbos ke sarrafa su. Sannan ko ka tsira, gwajin bai gaya maka komai ba. Inji a silo wuta kaɗan yake ci. Altaneta mai rabin rai za ta riƙe shi bai mutu ba, amma ba za ta iya cika batir ba balle ta ɗauki fitila da esi. Ni hasken nan dishi-dishi da ka ce kana gani shi ya fi tsaya min a rai.

DanGolf3:
Oga Riwaya, na girmama ka, amma shekara da shekaru ana yi a tashar mu ban taɓa ganin birenbos ɗin da ya ƙone ba.

Oga_Riwaya:
Ni na gani, ɗan'uwa, don wurinmu ake kawo su. Ba kowane lokaci yake ƙonawa ba, shi ya sa mutane ba sa yarda. Wani lokacin ma ba nan take abin zai nuna ba, sai daga baya mota ta fara wasu halaye a rasa daga ina.

Tsohon_Direba:
Ku duka kuna da gaskiya gwargwado. Lokacin da muke jan 504 ɗin nan da ake haɗawa a Kaduna, babu abin da za ka ƙona sai ƙwan fitila, don kabureta ce da kontak. A wancan lokacin gwajin bai cutar da kowa ba. Motocin yanzu ba haka suke ba, yaro. Ni da kaina yanzu ba na barin a yi min.

Malam_Lantarki:
Baban Khalifa, ka nemi mita, ko aro ne, ka raba gardamar nan da kanka, don lamba ba ta son kai. Da safe kafin ka taɓa makulli, ka sa mitar a DC 20, jar waya a kan fozitif, baƙa a kan negatif. Batirin da ya cika zai nuna wajen volt 12.6. In ka ga 12.2 to kusan rabi ne, in ya yi ƙasa da 12.0 ya sauka sosai. Sai ka tayar da mota ka sake aunawa. Altaneta mai lafiya za ta kai shi tsakanin 13.5 zuwa 14.7. Kada ka tsaya nan, nan ne mutane ke kuskure. Kunna babbar fitila, esi, fanka a ƙarshe, ka ɗan taka totur zuwa wajen 2000, ka sake dubawa. In ya riƙe sama da 13.5, cajin na nan. In ya zube ya koma sha biyu da wani abu, altaneta ta gaza, batir ne ke ciyar da motar alhali kana tafiya. Ka kuma auna da daddare bayan ka faka ta huce, ka rubuta, ka kwatanta da na safe. Bambancin da ke tsakaninsu shi zai nuna ko wani abu na shan wuta mota na kashe.

Maman_Afnan:
Ni abin da ya faru da tawa kamar naka ne sak, Alhaji, kuma ba altaneta ba ce ba batir ba ne. Na'urar nan ta bibiyar mota in an sace aka sa min, wanda ya haɗa ta bai haɗa daidai ba, tana ta zuƙar wuta dare da rana. In na bar motar ƙarshen mako ban fita ba, ranar Litinin sai neman mai jonawa, ga yara da shirin makaranta. Sai da wani mai wayarin ya zauna yana zare fiyus ɗaya bayan ɗaya mita na hannunsa kafin ya gano. Ka tuna ko an ƙara maka wani abu kwanan nan, rediyo mai allo, amfilifaya, ko cajar waya da ke kwana a soket. Har fitilar but ma tana iya kwana a kunne ba ka sani ba.

Baban_Khalifa:
Na gode Hajiya. Ba a ƙara komai ba, rediyonta na asali ne. Fitilar but zan duba. Malam Lantarki, akwai ƙaramar mita ruwan ɗorawa a wajen maƙwabcina mai gyaran sola, gobe in sha Allahu zan auna.

EOD_Zariya:
Malam Lantarki, bayaninka ya yi, amma a ƙara wa masu Honda gargaɗi. Accord irin su EOD da DC suna da wata na'ura a cikin akwatin fiyus na bonet, ana ce mata ELD, tana auna yawan wutar da mota ke ci. In ba ka kunna komai ba kuma batir ya cika, birenbos zai rage wa altaneta aiki don tattalin mai, sai ka ga mita na nuna 12 da ɗoriya inji na aiki. Wanda bai sani ba sai ya ce ta mutu. Kana kunna babbar fitila za ka ga ta haye 14. An cire altaneta masu lafiya da yawa saboda rashin sanin wannan.

Malam_Lantarki:
Gaskiya ne, na gode da gyara. Motoci da yawa na baya-bayan nan ma haka suke. Shi ya sa awon da aka yi da kaya a kunne ya fi zama hujja.

Bamarade:
Salamu alaikum daga Maraɗi. Mu nan abin da ya fi kashe mana ita ƙura ce da zafi. Lokacin hunturu in ka buɗe bayanta za ka iske ƙasa ta cika wurin sharbon, ta haɗu da mai ta zama laka, sharbon ɗin ya maƙale ba ya taɓa zoben tagulla da kyau. Alamarsa fitilar bateri tana kamawa tana mutuwa, in ka shiga gargada ta yi ta ƙifce. Wani lokaci in ka ɗan ƙwanƙwasa jikinta da ƙotar sukundireba sai caji ya dawo na ɗan lokaci. In haka ne sharbon kaɗai za a canza, ba shi da tsada. Kuma masu wankin mota su daina harba ruwa mai ƙarfi kai tsaye cikinta, musamman inji na da zafi.

Oga_Riwaya:
Bamarade ya faɗi gaskiya a kan sharbon, wato burushi, mu ma kullum muna canzawa. Amma burushi ba ya shanye batir da dare. Na Alhaji abu biyu ne suka haɗu, ga haske dishi-dishi, ga batir na sauka mota na kashe. Abin da ke haɗa waɗannan biyun yawanci dayod ne.

Direban_Sharon:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa tun da masana sun taru. Ni akasin haka ce. Ƙwan fitilata ba ya jimawa yake ƙonewa, batir kuma yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai in na yi doguwar tafiya, Kano zuwa Jos misali, jikinsa ya yi zafi har gefensa ya ɗan kumbura. Shi ma altaneta ce?

Oga_Riwaya:
Direba, faka motar nan ka auna yau ba gobe ba. Caji ne ya yi yawa, katawut ya daina rage wuta. Za ka ga mita ta wuce 15, wani lokacin har 16 in ka ba ta wuta. Ruwan batirin ne ke tafasa, warin da kake ji daga nan yake, kuma iskar da ke fita tana kama wuta. Kada kowa ya matso da sigari ko ya yi tartsatsi kusa da shi. Kana ɗauke da fasinja, ba abin wasa ba ne. A canza katawut, batirin da ya kumbura kuma ya gama aiki.

Direban_Sharon:
Subhanallah. Na gode Oga, Allah ya saka da alheri.

Injiniya_Bauchi:
Bari in ɗan buɗe maganar dayod don a fahimci abin da Oga Riwaya ke nufi. Wutar da altaneta ke haifarwa a kwayil ɗinta AC ce, layi uku, batir kuwa DC yake karɓa. Dayod, aƙalla guda shida, su ke mayar da ita DC, kuma kowanne hanya ɗaya kawai yake barin wuta ta bi. In ɗaya ya yanke, ƙarfin altaneta ya ragu sosai, amma za ta ci gaba da nuna sha uku da wani abu in babu kaya a kanta, shi ya sa take ruɗa makanikai. In kuma ɗaya ya huje, wato ya fara barin wuta ta koma baya, to kana kashe inji batir zai fara kwarara ta cikin altanetar. Kamar randa ce mai tsaguwa a gindi, da rana ana ta zuba ruwa ba ka lura ba, da safe ka tarar ta sauka. Sauran alamomi, za ka iya jin wani siririn kuka a sifika da ke hawa yana sauka tare da totur. Kuma da asuba kafin ka tayar, ɗora hannu a jikin altanetar. In ka ji ɗumi alhali inji ya yi sanyi ƙalau, wuta na bi ta cikinta.

DanGolf3:
To ni dai a Golf abin da na sani shi ne shuɗiyar wayar nan siririya. In ta yanke, ko ƙwan fitilar batir na dashbod ya mutu, altaneta ba ta fara caji sai ka taka totur sosai sannan ta farka. Mutane su yi ta canza altaneta a banza. Alhaji ya duba fulogin da ke bayan tasa.

Injiniya_Bauchi:
Wannan gaskiya ne DanGolf3, a irin waɗannan ta cikin fitilar ake ba ta wutar farko. Shi ya sa in ka buɗe makulli ba ka tayar ba, dole fitilar batir ta kama. In ba ta kama ba akwai matsala tun daga nan. Corolla tsarinta ya ɗan bambanta, amma duba fulogi da fiyus ɗin da aka rubuta ALT-S ba zai ci kuɗi ba.

Ummu_Sadiq:
Don Allah tambaya, ƙarar nan ƙiii da mota ke yi da safe in an tayar, ko in an kunna esi, tana da alaƙa da wannan?

Tsohon_Direba:
Fanbel ne, 'yata, ya saki ko ya tsufa yana santsi a kan fule. In yana santsi altaneta ba ta juyawa yadda ya kamata, caji zai ragu. A duba ko ya tsattsage ko cikinsa ya yi ƙyalli, a duba ajasta. Kada a yarda a shafa masa sabulu ko mai don ƙarar ta ɗauke, ba gyara ba ne. A Corolla irin ta Baban Khalifa bel ɗaya ne ke juya altaneta da famfon ruwa, in ya tsinke a hanya fitilar batir za ta kama, zafin inji kuma ya hau nan da nan. Duk wanda ya ga waɗannan biyun tare ya tsaya a inda yake.

Baban_Khalifa:
'Yan uwa na dawo da sakamako. Jiya da dare bayan ta huce 12.4. Yau da safe 11.8, ba ta tashi ba. Bayan an jona, a silo ba komai a kunne 13.6. Da na kunna fitila da esi da fanka sai ya sauko 12.8, na taka totur ya ɗan hau 13.1 ya tsaya. Fitilar but tana mutuwa daidai. Na taɓa jikin altanetar da asuba, gaskiya na ji kamar ba ta kai sauran injin sanyi ba. Sai dai wani abu ya tayar min da hankali. Maƙwabcin nawa ya ce a gwada a AC, muka juya mitar, sai ta nuna kusan 30. Wannan ba zai ƙona min mota ba?

Malam_Lantarki:
Kwantar da hankalinka, Alhaji, wannan 30 ɗin ba daga motarka yake ba, daga mitar ne. Ƙananan mitocin nan masu araha ba sa iya ware AC daga DC, in ka ɗora su a batir a layin AC sai su ninka abin da ke wurin sau biyu da ɗan kai. Ko mota na kashe za ta nuna maka ashirin da wani abu, gwada ka gani. Wannan awon sai da mita mai kyau, kuma abin da ake so a gani ƙasa da rabin volt ne. Sauran lambobin kuwa sun yi magana. Daga 12.4 zuwa 11.8 a dare ɗaya ba ƙaramin zuba ba ne, kuma 12.8 da kaya a kunne ya nuna cajin bai wadatar ba.

Oga_Riwaya:
Saura gwaji ɗaya a tabbatar, kuma mitar da ke hannunka za ta iya. Kashe mota, zare makulli, rufe ƙofofi. Cire kan negatif. Mayar da jar wayar mita ramin da aka rubuta 10A, ka juya ta can, sai ka sa waya ɗaya a kan negatif na batirin, ɗayar a jikin wayar da ka cire. Kada ka kuskura ka murza makulli a haka, mitar za ta ƙone. Ka ɗan jira minti kaɗan komai ya kwanta. Mota mai lafiya ba ta wuce 0.05. In ka ga abin da ya fi haka da yawa, raba mitar tukuna, kan negatif yana a cire, ka kwance kakkaurar wayar da ke ɗaure da noti a bayan altaneta, ka naɗe bakinta da tef kada ta taɓa ƙarfe, sannan ka mayar da mitar ka sake karantawa. Ina nanata maganar cire negatif don wayar nan kai tsaye take zuwa batir, in sifana ta haɗa ta da bodi wuta za ta tashi. In lambar ta faɗi bayan ka cire ta, ka kama ɓarawon.

Na_Panteka:
Ni har yanzu ban gamsu an duba wayoyi ba. Kafin a ɗora wa altaneta laifi, a kalli kan batir, farin garin nan da ke taruwa, da wayar da ta haɗa negatif da bodi da inji. Motocin da suka sha hannu, an sauke inji ko giyabos, sau da yawa ba a mayar da wayar bodi da kyau. Ga yadda ake ganewa: inji na aiki, fitila a kunne, sa waya ɗaya ta mita a jikin altaneta, ɗaya a kan negatif na batir. Bai kamata ya wuce 0.2 ba. Haka tsakanin notin bayan altaneta da kan fozitif, kada ya kai rabin volt. In ya wuce, wutar a hanya take ɓacewa, ko sabuwar altaneta ka sa haka za ta yi.

Injiniya_Bauchi:
Na_Panteka, gwajinka daidai ne kuma ya kamata a yi. Sai dai waya mai tsatsa za ta rage caji, ba za ta sha batir da dare ba.

Na_Panteka:
Ba na musu, Injiniya. Cewa nake ana iya samun cuta biyu a mota ɗaya, a gyara ɗaya a bar ɗaya, mutum ya dawo yana zagin riwaya.

Baban_Khalifa:
Oga Riwaya, mun yi yadda ka ce. Da farko mita ta nuna 1.9. Da muka cire wayar bayan altaneta ta koma 0.03. Gwajin Na_Panteka ma mun yi, ɓangaren negatif ya nuna 0.3, kuma akwai farin gari a kan batirin, mun wanke da ruwan zafi mun goge. Yanzu tambayata, gyara zan yi ko in sayi wata?

Maman_Afnan:
Alhamdu lillahi an gano. Allah ya sa a dace.

Malam_Lantarki:
Lissafa ka gani, amfiya 1.9 a awa 10 na dare kusan 19 ke nan daga batir mai 62 wanda dama bai cika ba. Dole ta ƙi tashi. Kafin ka gyara, duk dare ka riƙa cire kan negatif, inji a kashe.

Oga_Riwaya:
Gyara nake ba da shawara. Altanetar da Toyota ke zuwa da ita Denso ce, ƙarfe ne mai kyau, in kwayil bai ƙone ba babu dalilin jefar da ita. A canza farantin dayod gaba ɗaya, kada a yarda a like guda ɗaya da dalma. Tun da an buɗe a sa sabon burushi, a juya a ji boris, in yana gurnani a canza, a kalli zoben da burushi ke gogawa ko ya ci rami. Ka tsaya a buɗe a gabanka, ka shinshina kwayil ɗin, in ya yi baƙi yana ƙauri to shi ne za ka haƙura da ita.

Na_Panteka:
Ni kuwa ta Beljiyam zan ce. Matsalar gyara ita ce farantin dayod ɗin da ake samu a kasuwa, wani ba ya jure zafi, ya yi 'yan watanni ya sake hujewa. Ta Beljiyam asali ce da dayod ɗinta na kamfani. Ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko nan Panteka za ka samu. Sharaɗi dai a ba ka kwanakin gwaji, ka je da tsohuwar a kwatanta fulogi da fule da wurin ɗauri, kuma a ɗaura a auna da mita kafin ka bar wurin.

EOD_Zariya:
Ta Beljiyam ma sa'a ce, ba ka san tafiyar da ta yi a can ba. Akwai kuma wadda aka gyara a nan aka wanke aka fesa mata fenti. Ka duba notocin jikinta, in bakinsu ya ci sifana an taɓa buɗe ta.

Oga_Riwaya:
Akwai hanya ta tsakiya da muke bi: a nemi farantin dayod na asali daga wata Denso da kwayil ɗinta ya ƙone, a ɗora a taka. Ka samu na kamfani, kuɗin kuma bai kai na sayen guda ba.

Bamarade:
Ku tambayi kuma mi ya huda dayod ɗin tun farko, in ba haka ba zai sake. Jona waya a juye ko da na daƙiƙa ɗaya ne yana kashe shi. Mai walda in ya yi aiki a jikin mota bai cire bateri ba, shi ma haka. Mai da ke ɗiga daga saman inji yana shiga ciki, shi ma a duba.

Injiniya_Bauchi:
A ƙara da wannan: jona mota kullum da safe a bar altaneta ta cika batirin da ya mutu yana gasa dayod, don an yi ta ne ta mayar da abin da aka ci wajen tayarwa ta kuma riƙe kayan mota. Saboda haka Alhaji, ranar da za a gyara, ka kai batirin wajen mai caji ya cika shi a hankali kafin a ɗora. Kuma ka shirya ranka, batirin mota ba ya son a riƙa sauke shi ƙasa da 12 akai-akai, wataƙila ya riga ya rasa wani ƙarfi. Bayan caji a bar shi ya kwana ba a haɗe da komai ba, in da safe yana 12.5 ko sama, kuma bai faɗi ƙasa da 9.6 ba lokacin da ake tayarwa, zai ci gaba da aiki.

DanGolf3:
To ai ka ga maganata ba ta faɗi gaba ɗaya ba, batirin ma da alamar tambaya. Kuma wa ya sani ko tun farko shi ne mara kyau ya wahalar da altanetar har dayod ya huje?

Malam_Lantarki:
Zai iya yiwuwa, DanGolf3, batir mai mataccen gida yana sa altaneta aikin da ya fi ƙarfinta. Zai kuma iya yiwuwa cire kan batir ɗin da aka yi ne ya ƙarasa ta. Gwajin da Injiniya ya faɗa shi zai nuna halin batirin.

Baban_Khalifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Batirin na kai caji yau. Ranar Asabar zan sa a kwance altanetar a buɗe a gabana, in kwayil na da kyau zan nemi farantin asali kamar yadda Oga Riwaya ya ce, in ya ƙone sai Ƙofar Ruwa. Wayar bodi ma zan sa a kwance a goge. Oga, in ba a samu farantin Denso ba, akwai yadda ake gane na kasuwa mai ɗan dama kafin a ɗaura?

Na_Panteka:
Da ido ba za ka gane ba, Alhaji, sai an ɗaura ya sha zafi. Shi ya sa na ce Beljiyam.

Oga_Riwaya:
Da mita dai za a gane ko yana da lafiya a ranar, kowane dayod ya karanta ta gefe ɗaya ya ƙi ta ɗayan. Jurewar zafi kuwa sai a hanya. In za ka ɗauki na kasuwa, ka yi sharaɗi da mai gyaran cewa in ya huje cikin wata uku aikinsa ne ya sake. Ka turo mana hoton kwayil ɗin in an buɗe.